Yunwa a Bakin Danub: Yadda Rumawa Suka Mai da Baƙi Abokan Gaba

Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja kan abin da ya karya yammacin daular Rum. Peter Heather yana ganin matsin da ya zo daga waje, musamman na Hunawa, shi ne ummul'aba'isi. Guy Halsall kuwa ya fi ɗora laifin a kan rikicin cikin gida. Ra'ayina ya karkata ga na biyu, kuma babbar hujjata ita ce abin da ya auku a bakin kogin Danub tsakanin 376 da 378.

Hare-haren ƙabilun Jamus ba sabon abu ba ne ga Rumawa. Alamanawa da Farankawa sun saba tsallako kogin Rain su kora shanu, su kama bayi, su koma gida, kuma daula ta san maganinsu: a 357 Juliyan, jagoran sojojin Rum, ya fatattaki Alamanawa kusa da Sitirasbog. Daga cikin ƙabilun nan kuma Rum ke ɗibar sojoji. Irin wannan hari yana ɓarna, amma bai karya daular ba.

Abin da ya faru a 376 daban ne, domin Gotawan da suka taru a gaɓar Danub ƙarƙashin Firitigan roƙon mafaka suka zo yi, da matansu da 'ya'yansu, bayan Hunawa sun tayar da su. Sarki Balens mai mulkin gabas, wanda ke Antakiya hankalinsa na kan Farisa, ya amince su tsallako. Fadawansa har murna suka yi, don ga sojoji a araha. Ban musa cewa Hunawa ne suka kora mutanen nan ba. Abin tambaya shi ne yadda masu neman mafaka suka zama rundunar yaƙi cikin 'yan watanni.

Amiyanus Marselinus, tsohon soja da ya rubuta tarihin zamanin, ya kama sunan masu laifi: kwamandoji biyu, Lufisinus da Maksimus. Abinci ya ƙare wa baƙin, su kuwa suka mai da yunwar kasuwa. Sai su tattaro karnuka, su ba da kare ɗaya a karɓi mutum ɗaya a matsayin bawa, har 'ya'yan manyan Gotawa na cikin waɗanda aka karɓa. Mutum ya yi tunanin uban da ya miƙa ɗansa don naman kare, sannan a ce masa ya ɗauki mashi ya tsare wa wannan daula iyaka! Daga baya Lufisinus ya gayyaci Firitigan liyafa a Marsiyanofolis, rikici ya tashi a bakin gari, ya sa aka kashe masu tsaron baƙonsa. Daga nan wuta ta kama yankin Tirakiya.

Ko a nan ma da sauran damar gyara. Giratiyan, ɗan ɗan'uwan Balens mai mulkin yamma, yana tafe da gudummawa, amma Balens ya ƙi jira, bayan 'yan leƙen asiri sun raina yawan Gotawa. Ranar 9 ga Agusta 378, kusa da Adiriyanofil, wato Edirne ta Turkiyya a yau, sojojinsa suka isa fagen fama a gajiye, ga ƙishirwa, ga hayaƙin ciyawar da Gotawa suka cinna wa wuta. Ana cikin sasantawa faɗa ya ɓarke, mahayan Gotawa suka dawo suka auka musu. Amiyanus ya ce da ƙyar kashi ɗaya cikin uku ya tsira. Gawar sarkin ma ba a gani ba.

A 382 Tiyodosiyus, magajin Balens, ya yi sulhu, Gotawa suka zauna cikin daula da makamansu, kuma a 394 suka zubar masa da jini a yaƙin Firigidus. Duk da haka kuskuren ya sake maimaituwa. Bayan an kashe Sitiliko a 408, babban janar ɗin da ubansa Bavandale ne, aka bi iyalan sojojin ƙabilu a garuruwan Italiya da kisa. Dubban mazajensu suka koma wajen Alarik, shugaban Gotawa, wanda ya daɗe yana neman muƙami da hatsi da wurin zama ga mutanensa, fadar sarkin yamma a Rabenna tana ja masa rai. Da su ya shiga birnin Rum ranar 24 ga Agusta 410.