Sojojin Dalma da Rundunar Mugaye

Wasan yaƙi a kan tebur ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1824 wani matashin hafsan Prusiya mai suna Reisswitz ya nuna wa manyan soja wasan da ya gada wajen mahaifinsa ya gyara, suka karɓe shi suna horar da jami'ai da shi. A wancan lokaci babu mugu babu nagari, ɓangaren ja ne da na shuɗi a kan taswira. A Ingila kuwa, kamfanin Britains ya fara zuba sojojin dalma marasa komai a ciki a 1893, abin ya yi araha, sannan a 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, inda manyan mutane ke durƙusawa a ƙasa suna harbin 'yan sojojin da igwar wasa.

Dodanni da matsafa sun shigo ne daga baya, musamman bayan Gary Gygax da Jeff Perren sun fitar da wasan Chainmail a Amurka a 1971. Amma inda rundunar mugaye ta samu gindin zama shi ne tsakiyar Ingila. An kafa kamfanin Games Workshop a Landan a 1975, a 1979 suka haɗa hannu da Bryan Ansell aka buɗe Citadel Miniatures a garin Newark, daga bisani harkar ta tare a Nottingham. Wasansu na Warhammer ya fito a 1983, Warhammer 40,000 ya biyo baya a 1987.

A Nottingham ɗin na san wannan sana'a lokacin da nake karatu, kuma abin da ya riƙe ni shi ne aikin hannun da ake yi kafin a kai ga wasan. Mutum zai ɗauki ɗan soja wanda tsayinsa bai wuce milimita 28 ba, ya yanke masa hannu da ƙaramin zarto, ya huda kafaɗar da siririn abin huji, ya cusa guntun waya, ya ɗaura masa ƙafar ƙaguwa da ya ciro daga wani dodo. Ramin da ya rage sai a cike shi da wani irin gam mai launi biyu, shuɗi da rawaya, wanda ake murzawa tsakanin yatsu har ya koma kore. Ka jiƙa yatsanka da ruwa don kada ya manne, ka ɗauki tsinken sakace ka zana gashi ko tabo kafin ya bushe. Wani dattijo a kulob ɗinmu yakan shafe yamma guda yana gyara muƙamuƙin soja ɗaya, kuma ban taɓa ganin ya gaji ba.

Wannan al'ada tana da tushe a littattafai biyu na Realm of Chaos, na 1988 da na 1990. Su ne suka baje tarihin miyagun iyayengiji huɗu na ƙagaggen labarin Warhammer: Khorne na zubar da jini, Slaanesh na sha'awa marar iyaka, Nurgle na annoba da ruɓewa, Tzeentch na tsafi da makirci. A ciki akwai dogon jadawalin nakasa da sauyin halitta. Ka jefa ƙwayar wasa, sai ta ce jaruminka ya tsiro da ƙaho, ko fuka-fuki, ko kai na biyu. Babu kamfanin da zai iya zuba kowace irin siffa da ƙwayar za ta kawo, don haka dole mai wasa ya ɗauki reza ya ƙera da kansa. A ganina nan ne mugaye suka fi nagari daɗin aiki. Sojan sarki dole ya yi kama da ɗan'uwansa, amma ɗan tawaye yana karɓar tsatsa, da sulken da bai dace ba, da duk tarkacen da ke cikin gwangwaninka. Zanen John Blanche, mai duhu da datti da launin ƙasa, ya koya wa mutane da yawa ganin kyau a irin wannan.

Sabon shiga yakan zaɓi ɓangaren da ya fi ƙarfi a dokokin bana, alhali dokoki suna canzawa, fenti kuwa yana nan. Rundunar da ta fi taɓa ni ta wasu sojoji ce da aka manta da su a fagen daga har suka juya wa sarkinsu baya. Mai ita ya bar tambarin sarki a kafaɗunsu, sai dai ya kankare shi rabi da rabi da bakin wuƙa. Ba sai ya yi maka bayani ba.

Akwai iyakar da ban yarda a tsallake ba. Wasu kan fake da wasa su liƙa alamun 'yan Nazi, har a 2021 Games Workshop ya fito fili ya ce duk wanda ya zo taronsa da alamar ƙiyayya za a sallame shi. Na goyi bayan haka ɗari bisa ɗari, domin waɗannan alamu jinin mutane na gaske ne a bayansu. In za ka gina rundunar mugaye, ƙirƙiro mata tutarta da kanka, kuma ka san abin da ya ɓata su tun kafin ka yanke hannu na farko.