Magungunan Kwantar da Hankali a Aikin Haƙori

Magungunan kwantar da hankali su ne waɗanda likitan haƙori ke ba majiyyaci domin rage masa fargaba kafin a cire ko a cike masa haƙori. Yawanci mutum ba ya barci. Yana ji, yana amsa magana. Kuma ba sa wadatarwa wajen kashe zafi, dole a haɗa da allurar kashe dasashi irin lidocaine.

Mafi daɗewa cikinsu ita ce iskar nitros oksaid, wadda ake kira iskar dariya. A Disamban 1844 likitan haƙori Horace Wells na garin Hartford a Amurka ya shaƙe ta aka cire masa nasa haƙorin. Yau ana gauraya ta da iskar oksijin a shaƙa ta hanci, tana sakin mutum cikin 'yan mintuna, shi ya sa ta dace da yara.

Akwai kuma diazepam da midazolam, na sha ko na jijiya. Midazolam kan mantar da mutum abin da ya gudana. Haɗarinsu shi ne rage numfashi, musamman idan sun haɗu da barasa, don haka ake ajiye makarinsu, flumazenil, a kusa. Wanda ya sha ba zai tuƙa mota ranar ba.