Gawon Gona Na Wane Ne?

Dattawan Tasawa da Mayahi suna tuna lokacin da manomi ke tsoron iccen gonarsa. Dokar Faransa ta 1935 ta sa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma, dokar 1974 kuma ta bi sawunta. Wanda ya sare reshe, 'yan gandun daji su ci shi tara. Shi ya sa ake tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, iska ta yi ta kwashe ƙasa.

A yunwar El-Buhari ta 1984, Tony Rinaudo na mishan SIM a Maradi ya riƙa ba da hatsi ga masu barin kututture ya tofo. Da tallafin ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari kuwa suka samu itacen girki da abincin dabbobi, gero ya yi kyau. Sassaben zamani ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 a Nijar.

Sai a 2020 gwamnati ta tabbatar da cewa icce na wanda ya rene shi ne. Malamai da iyaye, ku kai yara gona su tambayi kakanninsu wa ya ƙi sare gawon nan.