Jiran Sabon Seiko

Masu son agogon hannu suna da kakarsu, kamar yadda manomi yake da tasa. Daga farkon shekara zuwa watannin Maris da Afrilu manyan kamfanoni kan fara bayyana abin da suka ƙera, hotuna su cika wayoyi, gardama ta kaure: wannan ya cika girma, wancan kuɗinsa ya wuce hankali. Ni ma ina cikin masu wannan jira, kuma kamfanin da nake zuba wa ido shi ne Seiko na ƙasar Japan. A wajenmu, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram har a tsallaka Kano, sunan ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar salula. Amma kafin mutum ya ce ga abin da yake so kamfani ya fitar, ya kamata ya san abin da ya sa sunan kamfanin ya kai har ƙofar gidansu. Shi ya sa nake so mai karatu ya biyo ni mu ɗan waiwaya.

Wanda ya kafa kamfanin sunansa Kintaro Hattori, an haife shi a 1860. A 1881, yana ɗan shekara 21, ya buɗe shago a Tokiyo yana sayar da agogo yana kuma gyarawa. Wato asalinsa mai gyara ne, irin waɗanda muke gani a bakin kasuwa cikin ɗan akwatin gilashi da madubi a ido. A 1892 ya kafa masana'antar da ya kira Seikosha, ya fara da agogon bango. A 1895 ya yi na aljihu, sannan a 1913 ya fitar da Laurel, agogon hannu na farko da aka ƙera a Japan.

Shekara goma bayan haka, ranar 1 ga Satumba 1923, babbar girgizar ƙasa ta afka wa Tokiyo, gobarar da ta biyo baya ta cinye masana'antar. Cikin abin da ya ƙone har da agoguna kimanin 1,500 da mutane suka kawo gyara. Ba wanda zai zargi Hattori in ya ce ƙaddara ce ta faɗa wa kowa, amma sai ya sanar cewa duk mai agogo a wurinsa ya zo ya karɓi sabo a madadinsa. A shekara mai bi, 1924, aka fitar da agogon hannu na farko mai ɗauke da sunan Seiko a fuskarsa. A 1929 kuma hukumar jiragen ƙasa ta Japan ta zaɓi agogon aljihu na kamfanin don ma'aikatanta. A ganina wannan riƙon amana shi ne jarin farko na sunan, tun kafin a zo maganar gwaninta.

Gwanintar ta bayyana ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta wata hanya mai ban sha'awa. Kamfanin yana da masana'antu biyu, Daini a Tokiyo da Suwa a yankin duwatsun Nagano, kuma aka bar su suna kishi da juna kamar matan gida ɗaya. Suwa ta fitar da Grand Seiko a 1960, Daini ta mayar da martani da King Seiko. A 1964 Seiko ne ya riƙe lokaci a wasannin Olamfik na Tokiyo, kuma a shekarar ya shiga gasar daidaiton agogo ta Neuchâtel a Suwizalan, ƙasar da duniya ta sallama wa a wannan sana'a. Mafi kyawun agogonsa mai wani ya zo na 144. Suka koma gida suka duƙufa. A 1968, a gasar Janeba, agogunan Seiko suka kwashe daga matsayi na huɗu zuwa na goma, ukun da ke gabansu kuwa duk masu aiki da lantarki ne. Cikin shekara huɗu almajiri ya kamo malaminsa.

Sai dai agogon da ya kawo sunan Seiko ƙasar Hausa ba na gasa ba ne. Shi ne wanda aka fitar a 1963 da sunan Sportsmatic 5, wanda daga baya kowa ya sani da Seiko 5. Lambar biyar ɗin alkawura biyar ne: yana ba kansa wani, yana nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya, ruwa ba ya shigarsa da sauƙi, ɗan kan da ake murzawa an ɓoye shi wajen ƙarfe huɗu don kada ya riƙa sukar hannu, sannan jikinsa da sarƙarsa masu jure wahala ne. Sirrinsa yana cikin wata ƴar dabara da kamfanin ya ƙirƙiro a 1959. A bayan injin akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai farce biyu, ɗaya na ja ɗaya na turawa, ta yadda ko ta wane ɓangare rabin watan ya juya, agogon na samun wani. Kayan cikinsa kaɗan ne, saboda haka bai yi tsada ba, bai cika lalacewa ba, in ma ya lalace mai gyara na iya gane kansa.

Wannan shi ne agogon da alhazai suka riƙa dawowa da shi tsaraba daga Makka da Jidda, tare da tasbaha da dabino da ruwan Zamzam. Da yawansu sunayen ranaku a jikinsu da Larabci suke, domin an yi su ne don kasuwannin Gabas ta Tsakiya, wasu ma har lambobin fuskarsu na Larabci ne. Ga wanda ya yi karatun allo, wannan agogo ne da ke magana da harshen da ya sani. Malamin makaranta ya ɗaura shi, direban babbar mota ya ɗaura, ladan ya duba shi kafin ya kira salla. Ba ya neman batir, abin da yake nema kawai mai shi ya tashi ya yi aiki.

Abin mamaki, kamfanin da ya ƙware haka a agogo mai wani shi ne ya kusa kashe sana'ar da hannunsa. Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwaz da aka sa a kasuwa. Dabarar ita ce, in an ba ɗan ƙanƙanin dutsen wuta daga batir sai ya riƙa karkarwa da adadi tsayayye, a ƙirga karkarwar a fitar da daƙiƙa. Na cikin Astron yana karkarwa sau 8,192 a daƙiƙa ɗaya, alhali zuciyar Seiko 5 sau shida take bugawa. Sakamakon haka kuskuren Astron bai wuce daƙiƙa biyar a wata ba, abin da agogo mai wani kan yi a yini guda. An sayar da shi yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a Japan ta lokacin.

Tsadar ba ta daɗe ba. Cikin shekaru goma agogon batir ya yi araha, Citizen da Casio da masana'antun Hong Kong suka cika duniya da shi. A Suwizalan ma'aikatan agogo sun kai kusan 90,000 a 1970, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun dawo kimanin 30,000, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe. Abin da ya ceto su abu biyu ne: agogon roba mai araha na Swatch da aka fitar a 1983, da kuma sabon tallan da suka koya, na cewa agogo mai wani kayan ado ne da gado, wanda ake saye don a nuna matsayi. Shi kansa Seiko ya dakatar da Grand Seiko mai wani a shekarun 1970, bai dawo da shi ba sai 1998. Seiko 5 kuwa bai taɓa tsayawa ba, domin kasuwanni irin namu ba su daina nemansa ba.

Kamfanin ya ci gaba da gwada abin da ba a saba gani ba. A 1982 ya yi agogo mai talabijin. A 1988 ya yi wanda motsin hannu ke samar masa wutar lantarki. Akwai kuma labarin injiniya Yoshikazu Akahane, wanda tun 1977 yake neman hanyar haɗa wani da daidaiton kwaz a agogo ɗaya ba tare da batir ba. Ya shafe sama da shekara ashirin a kan aikin, ya rasu a 1998, shekara ɗaya kafin a fitar da shi da sunan Spring Drive. A 2012 aka sake amfani da sunan Astron ga agogon da ke cin hasken rana yana kuma saita kansa daga tauraron ɗan'adam.

A ɓangarenmu kuwa abubuwa sun canza. A Janairun 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Agogunan jabu masu ɗauke da sunan Seiko suka shigo da yawa, har mai saye ya rasa na gaske. Daga baya wayar salula ta zo ta karɓe aikin faɗin lokaci. Masu gyaran agogo da yawa suka koma canza batir da yanke sarƙa, wasu suka koma gyaran waya, kuma ba kasafai ake ganin yaro zaune gefensu yana koyon buɗe inji ba.

To, da wannan tarihi a zuciya nake kallon abin da Seiko ke fitarwa a ƴan shekarun nan, kuma abin da na fi gani shi ne waiwaye. A 2017 an ware Grand Seiko ya zama suna mai cin gashin kansa, yana gogayya da manyan agogunan Suwizalan, har ya shiga babban baje kolinsu na Janeba a 2022. A 2017 ɗin dai aka sake ƙera agogon masu ninƙaya na 1965, guda 2,000 kacal. A 2019 aka sabunta Seiko 5 da sabon tambari da ingantaccen inji, farashinsa ya ɗaga, kuma a daidai lokacin aka daina yin SKX007, agogon ninƙaya mai sauƙin kuɗi da ake yi tun 1996. King Seiko ya dawo a 2022. An yi na tunawa da cika shekara 140 da buɗe shago a 2021, da na cika shekara 100 da sunan Seiko a 2024, ga kuma waɗanda aka yi da zanen finafinan yara irin su Naruto.

Ba na cewa waɗannan agoguna ba su da kyau. Wasunsu in ka gani sai ka riƙe baki, kuma na san kamfani dole ya bi inda riba take, tunda waya da agogon zamani mai haɗuwa da ita sun cinye kasuwar ƙasa. Hausawa ma sun ce waiwaye adon tafiya. Amma ado ne, tafiyar daban take. Agogon 1963 da na 1965 da ake ta tunawa da su yau, a zamaninsu kayan aiki ne da aka yi don wanda ke fita nema, ba a ƙayyade adadinsu don a tayar da farashi ba. Darajar da ake sayarwa yanzu a cikin akwatin alfarma, hannuwan talakawan duniya ne suka tara ta, ciki har da na iyayenmu.

Don haka abin da nake jira a kowace kaka bai da yawa. Ina jiran agogo mai fuska sarari da dattijo zai karanta ba tare da tabarau ba, mai jure ƙurar hunturu da zufar bazara da ruwan alwala. In mai wani ne, a yi shi yadda kayan gyaransa za su iso hannun mai gyara na Babbar Kasuwar Yamai ko na Sabon Garin Kano. In na hasken rana ne ma madalla, domin rana dai Allah Ya hore mana ita. Sannan kuɗinsa ya zama wanda malamin firamare zai iya tarawa cikin ƴan watanni, ba tare da ya shiga bashi ba. Kamfanin da ya ƙera dabarar farce biyu da Astron ba zai rasa basirar yin wannan ba, sai dai in bai ga dama ba.

A 2031 shagon Hattori zai cika shekara 150, kuma babu shakka za a yi bikin da agogunan zinariya ƴan ƙalilan da attajirai za su yi rububi. Fatana a cikin jerin a samu guda ɗaya da aka yi don irin mutanen da Hattori ya mayar wa agogunansu bayan gobara. In Allah Ya kai mu, shi zan fara nema.