Tarihin Cire Akwatin Iska Daga Jikin Babur

Injin da ke ƙona fetur ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba, domin kafin giram guda na fetur ya ƙone ƙurmus sai ya haɗu da kimanin giram 14.7 na iska, kuma kafin wannan iska ta isa cikin silinda tana ratsa matata, wadda ke riƙe ƙura, sannan ta shiga kafireta, inda ake gauraya ta da mai. A yawancin baburan da aka ƙera daga shekarun 1960 zuwa yau, matatar tana zaune ne cikin wani rufaffen akwati na ƙarfe ko na roba da ake kira akwatin iska, wanda ake maƙalawa a ƙarƙashin sirdi ko ƙarƙashin tanki. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada tsakanin masu sha'awar babur a Birtaniya da Amurka da Japan, ta kwance wannan akwati gaba ɗaya a ɗaura wa bakin kowace kafireta 'yar ƙaramar matata tata ta kanta, mai tsukakken kai da faɗin gindi, wadda masu sana'ar ke kira fod. Al'adar ta haura shekara hamsin, amma dalilin da ya haife ta ya sha bamban da dalilin da ya raya ta har zuwa yau.

Tushenta yana Ingila ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka daina rabon fetur da ƙa'ida a 1950 kuma samarin ma'aikata suka sami halin sayen babura a kan biya kaɗan-kaɗan. Waɗannan samari suna taruwa a shagunan shayin bakin hanya da direbobin manyan motoci ke yada zango, kuma mafi shahara cikinsu shi ne Ace Cafe da ke kan titin North Circular a Landan, wanda aka buɗe a 1938, bom ya rusa shi lokacin yaƙi, aka sake gina shi a 1949. Burinsu shi ne babur ya kai gudun mil 100 a sa'a, wato kimanin kilomita 160, kuma don cimma haka suna kwaikwayon baburan tseren tsibirin Man: a sauke kan babur ƙasa, a ja matakan ƙafa baya, a cire duk abin da ke ƙara nauyi. Baburan tsere na wancan zamani ba su da matata sam, sai wani bututun ƙarfe mai buɗaɗɗen baki da ake ɗaurawa a kafireta don iska ta shiga a miƙe ba tare da ta hargitse a gefen bakin ba. BSA Gold Star, musamman samfurin DBD34 da ya fito a 1956, ya zo da kafiretar tsere ta Amal GP a kan wannan tsari, Triumph Bonneville na 1959 kuma ya zo da kafiretocin Amal guda biyu waɗanda galibi ake hawa da su baki a buɗe. A ƙasar da ruwan sama ke kwantar da ƙura kuma tituna ke shimfiɗe da kwalta, ɓarnar da rashin matata ke yi wa fistin da ringi tana zuwa a hankali, don haka buɗaɗɗen bakin kafireta ya zama alamar babur mai gudu tun kafin akwatin iska ya zama ruwan dare.

Ita kanta matatar daga wata ƙasa dabam ta fito, inda matsalar ta kasance akasin haka. A kudancin Kalifoniya, masu tseren hamadar Mojave suna hawa baburan Triumph da BSA ɗin nan dai cikin rairayi da ƙura mai iya cinye inji a tsere guda, kuma matatar takarda, wadda ita ce aka sani, tana toshewa da wuri ta shaƙe injin. Ken Johnson da Norm McDonald, masu sayar da babura kuma masu harkar tsere a yankin Riverside, su ne suka fito da matatar da ake yi da ninkin ƙyallen auduga a matse tsakanin ragar waya biyu, a jiƙa shi da wani mai mai danƙo wanda ƙura ke mannewa a jikinsa, kuma a 1969 sana'ar ta zama kamfanin K&N, mai ɗauke da harufan farko na sunayensu. Wannan matata tana barin iska ta wuce cikin sauƙi, ana wanke ta a sake shafa mata mai maimakon a jefar, kuma, abin da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi, ana iya naɗe ta zuwa kowace siffa, har da 'yar ƙaramar da za ta zauna a bakin kafireta da zoben matsewa guda. Ba da daɗewa ba wasu kamfanoni suka bi da irin ta soso mai shan mai.

Shekarar 1969 ɗin dai ita ce Ace Cafe ta rufe, kuma ita ce Honda ta fitar da CB750, babur mai silinda huɗu da kafireta huɗu a jere, dukkansu suna shan iska daga akwati guda. Kawasaki ta biyo da Z1 mai cc 903 a 1972, Suzuki kuma da GS750 a 1976. A nan ne al'adun biyu suka haɗu, domin mai irin wannan babur da ke son kamannin tsere amma yake tsoron ƙura ya sami mafita a matatu huɗu ƙanana. Tseren manyan baburan kasuwa da ƙungiyar masu babura ta AMA ta mayar gasar ƙasa a Amurka a 1976 ya ƙara wa abin armashi, saboda baburan da ke filin sun yi kama da na kan titi, kuma 'yan kallo suna ganin irin aikin da Hideo Yoshimura, wanda aka fi sani da Pops, yake yi wa injunan Kawasaki da Suzuki: salansa mai haɗa bututu huɗu zuwa ɗaya, manyan kafiretoci masu sulɓin ciki, babu akwatin iska. Wes Cooley ya ci gasar a 1979 da 1980 a kan Suzuki GS1000 na Yoshimura. Daga nan salansar huɗu zuwa ɗaya da matatun fod da sauya jet ɗin kafireta suka zama abubuwa uku da ke tafiya tare a garejin duk mai neman ƙarin gudu.

A wancan lokaci dabarar tana da hujja, domin akwatunan farko ƙanana ne, an matse su a ɗan sararin da ya rage tsakanin kafireta da batir, kuma kafiretocin irin na kai tsaye ne, waɗanda wayar totur ke ɗaga ƙyauren cikinsu da kanta. Sai dai ko a lokacin aikin ba ya ƙarewa da ɗaura matata. Kafireta tana jawo mai ne ta hanyar raguwar matsin iska a maƙogwaronta, kuma masu ƙera ta sun zaɓi girman jet, wato 'yan ƙananan ƙofofin tagulla da mai ke bi, bisa la'akari da 'yar tirjiyar da akwatin ke yi wa iska. Idan aka cire akwatin, jan da ke kan jet yana raguwa, sai mai ya yi ƙaranci a cikin cakudar, inji ya ɗauki zafi, fulogi ya yi fari, salansa ta riƙa tartsatsi idan an saki totur, a wasu lokuta ma kan fistin ya ƙone ko bawul ya lalace. Gyaran yana bukatar a ƙara girman babban jet, wanda ke aiki idan an murɗe totur duka, a ɗaga allurar da ke sarrafa mai a tsakiyar murɗi, a kuma daidaita ƙaramin jet na silo, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun yana shafar sauran, shi ya sa aikin ke cin kwanaki ana kwancewa ana ɗaurawa ana karanta launin fulogi.

Abubuwa biyu ne suka sauya lissafin a ƙarshen shekarun 1970. Na farko doka ce: hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fara iyakance hayaƙin baburan titi daga samfuran 1978, sannan ta sanya iyakar ƙara daga 1983, ta ƙara tsaurara ta a 1986, kuma tunda wani kaso na ƙarar babur daga bakin shan iska yake fitowa, akwatin ya zama wajibi ga masu ƙera. Na biyu shi ne yaɗuwar kafiretar da ake kira CV, wadda Honda ta riga ta sanya wa CB450 tun 1965, amma sai a wannan lokaci ta mamaye manyan baburan Japan. A cikinta wayar totur ba ta taɓa ƙyauren, wani faifai kawai take juyawa, ƙyauren kuwa bambancin matsin iska ne ke ɗaga shi ta hanyar fatar roba ko fistin da ke samansa. Wannan tsari yana ba da tafiya mai laushi da ƙarancin shan mai, amma ya dogara kacokan ga natsattsiyar iska mai matsi iri ɗaya, wadda akwatin ke tanadarwa. Da zarar aka maye gurbinsa da fod, ƙyauren yakan yi jinkirin tashi ko ya riƙa rawa, sai babur ya yi shiru a tsakiyar murɗi kafin ya zabura, kuma iskar gefe ko ma gwiwar mahayi tana iya sa kafiretocin waje biyu su sha iska dabam da na ciki biyu. Kamfanin Dynojet ya gina kasuwa a kan wannan matsala da ƙunshin jet da allurai da yake sayarwa mataki-mataki, inda mataki na uku ke nufin babur mai matatun fod, kuma na'urarsa ta auna ƙarfin inji a tayar baya ta ba makanikai damar ganin sakamakon a takarda. Abin da takardar ke yawan nunawa shi ne ɗan ƙarin ƙarfi a ƙololuwar juyin inji da rashi a tsakiya, inda mahayin titi ke yin mafi yawan tafiyarsa.

Su kuwa injiniyoyin kamfanoni sun daina kallon akwatin a matsayin mazaunin matata kawai. Iskar da ke cikin rufaffen wuri mai wuya tana da nata mitar girgiza, kamar yadda kwalba ke ba da sauti guda idan aka hura a bakinta, abin da masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayaninsa a ƙarni na 19. Idan aka zaɓi girman akwatin da tsawon bututunsa yadda wannan girgiza za ta dace da buɗewar bawul, matsin yana taimakawa wajen cusa iska cikin silinda a wani zangon juyin inji. Yamaha ta karkatar da silindojin FZ750 gaba a 1985 ta ɗora akwati babba a saman inji, inda gaban tanki yake a da, Kawasaki kuma ta buɗe wa ZZ-R1100 ƙofa a goshi a 1990 don gudun babur da kansa ya tura iska mai sanyi cikin akwatin. Baburan tsere ma, waɗanda aka fara kwaikwaya tun farko, sun koma ga akwati. Da feshin mai na lantarki ya maye gurbin kafireta a manyan babura a wajajen shekarar 2000, kuma ƙa'idojin hayaƙi na Turai suka ƙara tsanani da Euro 3 a 2006, akwatin ya zama mazaunin na'urorin auna zafi da matsin iska, cire shi kuwa ya koma aikin da ke bukatar sake tsara kwamfutar inji.

Da gudu ne kaɗai ke riƙe da al'adar, da a nan ta mutu. Ta dawo ne ta ƙofar fasali, lokacin da aka sake sha'awar irin baburan samarin shagunan shayi na Ingila: Ace Cafe ta sake buɗewa gaba ɗaya a 2001, shagon Brat Style na Go Takamine a Tokiyo ya yi suna da gyaran Yamaha SR400, Deus Ex Machina ya buɗe a Sidni a 2006, hotunan ayyukansu kuma suka bazu a intanet. A wannan salo abin alfahari shi ne sararin nan mai kusurwa uku da ke ƙarƙashin sirdi ya kasance wayam, ido ya ratsa shi ya ga ɗaya gefen, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an cire akwatin an ɓoye batir a wani lungu. Baburan da suka fi arha ga sababbin masu gyara su ne na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, irin su Honda CX500 da CB750 na 1979 zuwa gaba, wato daidai waɗanda ke ɗauke da kafiretar CV. Ga kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda ya fi kusa da gaskiyar gareji: robobin da ke haɗa akwati da kafiretoci suna bushewa su ƙanƙance bayan shekara talatin, mayar da kafireta huɗu tsakaninsu aiki ne mai cin rai, sababbinsu kuma ba kullum ake samu ba, don haka da yawa sun koma fod ne saboda akwatin ya ƙi komawa mazauninsa.

Kasuwa ta cika da matatu masu arha waɗanda leɓen robarsu na ciki ke rufe 'yan ramukan iska da ke gefen bakin kafireta, abin da babu sauyin jet da zai gyara shi. Cire akwatin yana kuma barin kafiretoci a rataye ba madogara ta baya har robobin gaba su tsage, yana barin tiyon numfashin inji ba wurin zuwa, yana kuma fallasa matata ga ruwan sama da iska mai zafi da ke tasowa daga bayan silinda. A Jamus irin wannan sauyi sai ya sami amincewar masu binciken ababen hawa irin su TÜV kafin babur ya hau titi bisa doka. Masu mayar da tsofaffin babura yadda suka fito daga kamfani kuwa suna biyan kuɗi mai tsoka kan akwatin iska na asali na Z1 ko CB750 na farko, saboda yawan waɗanda aka zubar a shekarun 1970, har wasu kamfanoni suka shiga ƙera sababbin kwafinsu.