Lambar Yabo a 1998, Allurar Kisa a 1999

A shekarar 1998 rundunar sojin Amurka ta aika jami'ai gidan yarin San Quentin da ke Kalifoniya, suka maƙala wa Manuel Babbitt lambar Purple Heart, wadda ake ba sojan da ya ji rauni a fagen daga. Ranar 4 ga Mayu, 1999, washegarin cikarsa shekara 50, aka yi masa allurar kisa a wannan gida.

Babbitt sojan kundumbala ne. Yana ɗan shekara 18 ya tsinci kansa a sansanin Khe Sanh na Biyetnam, inda a 1968 dakarun Biyetnam ta Arewa suka yi musu ƙawanya kwana 77, ruwan rokoki ba dare ba rana. Ɓarɓashin roka ya same shi a ka. Ya warke, ya sake komawa yaƙin, amma da ya dawo gida hankalinsa bai dawo tare da shi ba. Ya faɗa shaye-shaye da fashi, ya zauna a kurkuku, aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali na Bridgewater a Massachusetts. A 1980 ya koma wurin yayansa a Sacramento.

A watan Disamba na shekarar ya fasa gidan wata dattijuwa mai shekara 78, ya yi mata dukan da zuciyarta ta kasa ɗauka, ta rasu. Wannan baiwar Allah ba ta tsare masa komai ba, kuma duk mai neman yi wa Babbitt adalci dole ya fara da jininta.

Yayansa ne ya ga wasu kayanta a gida, ya kai ƙaninsa ga 'yan sanda da hannunsa, da fahimtar cewa magani za a nema masa. A 1982 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Lauyoyin da suka kare shi daga baya sun ce a daren da abin ya faru ƙwaƙwalwarsa ta koma Khe Sanh, har suka kafa hujja da yadda ya lulluɓe gawar da katifa, ya ɗaura mata igiya a idon sawu, irin yadda sojoji ke yi wa 'yan uwansu da suka faɗi. Masu gabatar da ƙara sun ce fashi ne kawai. A shekarar nan ta 1980 ce ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fara sanya ciwon firgici bayan bala'i a kundin cututtukanta, don haka masu taya alƙali shari'a sun zauna ne a lokacin da jama'a ba su san ciwon ba sosai.

A lokacin, afuwa tana hannun Gwamnan Kalifoniya Gray Davis, shi ma tsohon sojan Biyetnam. Tsofaffin sojoji da yawa, har da waɗanda suka kwana a ramukan Khe Sanh, sun roƙe shi. Ba sakin Babbitt suka nema ba, ɗaurin rai da rai suka nema. Davis ya ƙi, yana mai cewa mutane da yawa sun sha baƙin yaƙi ba su kashe marasa ƙarfi ba. Maganar gaskiya ce, amma a ganina ba ta amsa tambayar ba. Guba ɗaya ba ta kama kowane jiki daidai, kuma gwamnatin da ta yarda da raunin ƙoƙon kansa har ta ba shi lamba ba ta da hujjar kau da kai daga abin da ke cikin ƙoƙon. Babbitt ya ƙi abincin ƙarshe, ya ce a ba tsofaffin sojoji marasa matsuguni dala 50 da aka ware masa.

Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar George Porter, tsohon sojan yaƙin Koriya da ya kashe mutum biyu a Fulorida, ta ce lauyan da bai gabatar da tarihin yaƙin wanda yake karewa da illar da ya yi masa ba ya gaza aikinsa, ta kuma ture hukuncin kisan. Hukuncin ya tilasta a saurari hujjar, bai tilasta a karɓe ta ba. A Janairun 2015 jihar Jojiya ta kashe Andrew Brannan, wani tsohon sojan Biyetnam da ya harbe ɗan sanda a 1998, duk da cewa ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta riga ta tabbatar masa da cikakkiyar nakasa saboda ciwon firgici bayan bala'i. Hukumar afuwa ta jihar ta saurari roƙon, ta ƙi.