Kuɗin karatun likita a jami'ar Maraɗi: inda suke fitowa da masu sa musu ido

Kusan kowace shekara ana jin labarin ɗalibban jami'a sun ƙaurace wa azuzuwa saboda ba a biya su kuɗin burs ba. Wasu su ce gwamnati ce ba ta saki kuɗi ba, wasu su ce an saki, a hanya suka ɓace. Iyalin da ke da yaro a sashen koyon aikin likita su ne suka fi jin jiki, don karatun yakan ɗauki shekara 7 zuwa 8 bayan jarrabawar bak, kuma duk watan da kuɗi suka yi jinkiri, rumbun hatsi ko garken awaki na gida ne ke cike giɓin. Ga bayani a kan hanyar da waɗannan kuɗi suke bi, da hukumomin da doka ta ɗora wa binciken su, da abin da mutumin Sabon Maci zai iya tambaya.

Jami'ar da ake magana a kanta

Shekaru da dama Nijar tana da jami'ar gwamnati ɗaya tak, ta Yamai, wadda aka soma a 1971, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Duk ɗan Dakoro da ke son zama lokotoro a wancan lokaci, sai ya tafi Yamai ko ƙasar waje. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan asalin garin, masanin kimiyyar sinadarai da ya riƙe ministan ilimi zamanin Jori Hamani. Tana da sashen kimiyyar lafiya, kuma ɗalibbansa suna koyon aiki a gefen gadon marasa lafiya cikin manyan asibitocin gwamnati na birnin Maraɗi.

Horas da likita ya fi yawancin karatu tsada. Ana buƙatar ɗakunan gwaji, da na'urori, da sinadaran awon jini, da ƙwararrun malamai, waɗanda wasunsu sai an gayyato su daga wata jami'a a biya musu kuɗin tafiya da masauki. Kuɗin rajista da ɗalibi ke biya ba su kai ko kusa da abin da ake kashewa a kansa ba. Sauran daga baitulmalin ƙasa suke fitowa, wato daga harajin da ake karɓa a kasuwa da kan iyaka da albashin ma'aikata, da kuma abin da ƙasa ta ranto.

Hanyoyi huɗu da kuɗin ke bi

Hanya ta farko ita ce tallafin da gwamnati ke ba jami'ar kanta cikin kasafin kuɗin shekara, wanda ke farawa watan Janairu ya ƙare Disamba. Da shi ake biyan albashi, wuta da ruwa, da kayan aiki. Ba a zuba shi gaba ɗaya, kashi-kashi ake sakinsa.

Ta biyu ita ce kuɗin ɗalibi, da ke hannun hukumar ANAB. Burs ana lissafa ta ne wata uku-uku, ga wanda ya cika sharuɗɗan maki da shekaru. Wanda bai samu burs ba yana iya neman taimakon da ake kira ed sosiyal, wanda ake bayarwa sau ɗaya a shekara. Duka biyun kyauta ce ta gwamnati, ba a biyan su bayan an gama karatu. Amma ana iya yanke wa ɗalibi burs idan ya yi ta maimaita aji.

Ta uku ita ce kuɗin hukumar CROU, mai kula da abinci, ɗakunan kwana, motocin ɗalibbai da ƙaramin asibitinsu. Kasafinta daban yake da na jami'a. Idan aka ji an rufe gidan abincin ɗalibbai, sau da yawa ƴan kasuwar da ke kawo shinkafa da mai da nama ne suka tsaya saboda bashin da suke bi.

Ta huɗu ita ce kuɗin waje, daga Bankin Duniya da makamantansa, ko daga wata ƙasa. Wasu kyauta ne, wasu rance mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. A nan ne maganar bashi take shigowa. Ministan kuɗi ne ke sa hannu da sunan ƙasa, kuma ƙasar ce za ta biya, ko an gina ɗakin gwajin ko ba a gina ba. Yaron da ke lakkwal yau a Sabon Maci yana cikin masu biya gobe. Waɗannan kuɗi kuma suna iya tsayawa saboda siyasa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi ga Nijar, sai cikin 2024 ya koma.

Sanin wannan rabe-rabe yana da amfani, don shugaban jami'a ba shi ne ke biyan burs ba, kuma ANAB ba ita ce ke sayen abincin ɗalibbai ba. Mai ƙorafi in ya buga ƙofar da ba ita ba ce, sai a yi ta juya shi.

Masu sa ido kafin kuɗi su fita

Dokar tafiyar da kuɗin gwamnati ta 2012, wadda ta bi tsarin ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa, ta tsaya kan ƙa'ida guda: wanda ke ba da umurnin kashe kuɗi daban, wanda ke riƙe da kuɗin ya biya daban. A jami'a shugaba ne mai ba da umurni. Akantan gwamnati ne mai biya, kuma yana da ikon ya ƙi biya in takardu ba su cika ba. A tsakaninsu akwai jami'in ma'aikatar kuɗi da ke duba ko akwai kuɗin abin a kasafi tun kafin a yi odarsa. Kamar dai asusun ƙungiyar mata ne a ƙauye, akwati wajen wata, makulli wajen wata, littafi wajen ta uku.

Sayayya babba, irin gina aji ko sayen na'urar gwaji, doka ta ce a yi shela ƴan kasuwa su yi takara. Hukumar ARCOP, wadda a da ake kira ARMP, ita ce ke karɓar ƙarar ɗan kasuwar da ya ga an yi son kai. Bayan an kawo kaya, wani kwamiti ne zai duba ya sa hannu cewa sun iso yadda aka rubuta, sannan a biya.

Masu bincike bayan an kashe

Akwai sufetocin ma'aikatar kuɗi, da babban ofishin sufetocin ƙasa da ke ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa. Su kan je ma'aikata su buɗe littattafai, su gwada takarda da abin da ke ƙasa. Kundin tsarin mulkin 2010 ya tanadi kotun binciken kuɗin gwamnati, aka ɗora mata duba lissafin akantoci da fitar da rahoton da kowa zai iya karantawa. A 2011 aka kafa HALCIA don yaƙi da cin hanci. Bayan juyin mulkin 2023 an jingine kundin tsarin mulki, kuma a watan Satumba na wannan shekara majalisar CNSP ta kafa hukumar COLDEFF, aka ba ta aikin bin sawun dukiyar ƙasa da aka karkatar da ƙwato ta.

Kuɗin waje suna da nasu ƙarin tsaro. Galibi ana buɗe musu asusu na daban, wani kamfanin bincike mai zaman kansa ya duba shi kowace shekara. A shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa a jami'o'in Afirka, wanda aka fara a 2014, Nijar kuma ta shiga zagayensa na 2019, an gindaya sharaɗin cewa ba za a saki wani kaso na kuɗin ba sai an tabbatar da sakamako, kamar yawan ɗalibban da aka ɗauka da binciken da aka wallafa.

Sai masu sa ido da ba su da ofis a ma'aikatar kuɗi, wato ƙungiyar ɗalibbai ta USN da ta malaman jami'a SNECS. Su ne kan fara ɗaga murya in an yi jinkiri, kuma wani lokaci abin yakan kai ga asarar rai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an kashe ɗalibbai uku a gadar Kenedi ta Yamai. Ranar 10 ga Afrilu 2017 ɗalibi Mala Bagale ya rasu a zanga-zangar neman biyan alawus da gyaran yanayin karatu.

Jinkiri daban, sata daban

Abin da ya fi yawa shi ne jinkiri. An rubuta kuɗin a kasafi, amma baitulmali bai sake su a kan lokaci ba, saboda haraji bai shigo ba ko an fifita wata buƙata kamar tsaro. Yawan ɗalibbai yana ƙaruwa kowace shekara fiye da yadda kasafi ke ƙaruwa. Wannan matsala ce ta shugabanci da tsari, ba a warware ta da kama akanta.

Mutanen karkara sun san irinta. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, gwamnati za ta mayar wa asibitoci kuɗinsu. Mayarwar ta yi ta jinkiri shekara da shekaru, har kantunan magani na ƙananan asibitoci da yawa suka bushe. Abin da ke samun CSI in ba a biya ta ba, shi ke samun jami'a.

Sata kuwa tana da nata alamomi, kuma su masu bincike ke nema a kowace ma'aikata: suna a jerin masu karɓar kuɗi alhali mai sunan ya bar karatu, farashin kaya da aka ninka, na'urar da aka biya ba ta iso ba, babbar kwangila da aka yayyanka ƙanana don a kauce wa takara. Wannan bayani ne na abin da ake dubawa, ba zargi ne a kan wani ofishi ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Asusun da ba wanda ke tambayar lissafinsa shi ke jawo hannu.

Yadda abin yake a Najeriya

Ƴan uwa da ke da yara a makarantun Najeriya su lura, tsarin can ya bambanta. Akwai jami'o'in tarayya na kimiyyar lafiya zalla, kamar ta Azare a jihar Bauci. Gine-gine da kayan aiki da yawa asusun TETFund ne ke biya, wanda dokar 2011 ta kafa, daga harajin da ake karɓa hannun kamfanoni. A watan Afrilu 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar ba ɗalibbai rance ta hannun NELFUND. Rancen na ƴan Najeriya ne da ke makarantun gwamnati, ba shi da ruwa, amma bashi ne: ana fara biya shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Kuɗin makaranta ana tura su kai tsaye asusun jami'a, na abinci kuma asusun ɗalibi. A 2025 aka yi ta koke cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibbai ba, har hukumar ICPC ta ce ta buɗe bincike. Matsalar ta taso ne daga wuri guda: an tura kuɗi da sunan mutum, shi bai sani ba.

Abin da iyali za su iya yi

Na farko, ku tambayi ɗalibi matsayinsa a fili: mai burs ne, ko mai ed sosiyal, ko ba shi da ko ɗaya? Ku ga sunansa a jerin da aka fitar. Wannan zai sa mai aiko kuɗi daga waje ya san ainihin giɓin da zai cike.

Na biyu, duk abin da aka biya, ko jika ɗaya ce, a karɓi takardar shaida mai hatimi, a ɗauki hotonta a waya, a aika wa wani a gida ya ajiye.

Na uku, ba a sayen burs. Wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunan yaronku, ko damfara ce ko cin hanci, kuma duka biyun yaron ne zai kwana ciki.

Na huɗu, in an yi jinkiri, ku tambaya ko duk ɗalibbai ne ba a biya ba ko shi kaɗai. In duka ne, maganar baitulmali ce, a bi ta hannun wakilan ɗalibbai. In shi kaɗai ne, ya duba takardunsa a ofishin rajista da wajen masu kula da burs, ya rubuta ƙorafi, ya riƙe kwafi mai kwanan wata.

Na biyar, in za ku ci bashi don karatun yaro, ku tuna tsawon shekarun. Likitan da ya fito yakan yi bautar ƙasa, kuma ɗauka aikin gwamnati ba ya zuwa nan take. Kada a jinginar da gona bisa tsammanin albashin da bai zo ba tukuna.

Tun 2011 Nijar ta yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Wanda ya taɓa zama a kwamitin COGES na asibiti ko na makaranta ya san yadda ake yi: nawa suka shigo, nawa suka fita, ina takarda. Tambayoyin nan uku su ne dai ake yi wa jami'a da ANAB da CROU. Mai juna biyu da aka ɗauko daga ƙauye cikin dare zuwa asibitin Dakoro, samun likitan da zai yi mata aiki ya danganta da ko an biya kuɗin karatunsa a kan lokaci shekaru takwas da suka wuce. Allah ya ba ɗalibbanmu sa'a, ya ba masu riƙe da amana ikon sauke ta.